Kwana Uku a Ɗakin Wanke-wanke

Duk wanda ya ce wanke-wanke aikin raggwaye ne, bai taɓa leƙa ɗakin da ke bayan kicin ɗin gidan abincin nan ba. Ɗaki ne siriri, taku shida a tsaye, biyu a kwance, ba taga, sai wata 'yar fanka a bango da ke juyawa don dai kar a ce ba ta zo aiki ba. Sinki uku ne a jere, na jiƙo, na sabulu da na ɗauraya. A ƙarshensu ga injin da ke gasa faranti da ruwan zafi, wanda duk lokacin da aka ɗaga murfinsa sai ya watso wa mutum tururi a fuska. Nan aka kawo sabon ma'aikaci ranar Talata da safe, aka ce masa gwajin kwana uku ne. In ya yi, ya zauna. In bai yi ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Bai yi awa biyu ba aka laƙaba masa suna. Mai Nama ne ya laƙaba, wani ƙato mai fara'a da ke tsaye gaban wutar gashi yana zolayar kowa tun safe har yamma. Tambaya uku ya yi wa baƙon, baƙon ya amsa duka ukun da kai.

"To, Shiru, sannu da zuwa," in ji Mai Nama. Aka yi dariya, suna ya zauna.

Ba miskilanci ba ne ya rufe masa baki, muryarsa yake tsoro. Ranar da aka haife shi cewa aka yi mace ce, aka sa masa sunan mace, aka rene shi a mace. Shi kuwa tun bai fi tsayin tebur ba ya san a ransa cewa namiji ne. Shekara uku ke nan da ya gaji da faɗa da wannan sanin, ya aske kansa, ya canza kaya, ya fito a yadda yake. Duniya ba ta yi masa lale marhabin ba. A shagon ɗinki ya yi wata bakwai lafiya ƙalau, ranar da aka gane kuwa ko sati bai ƙara ba. A wurin sayar da fenti kwana tara ya yi. Yanzu shekararsa ashirin da takwas, a kan doguwar kujerar falon yayarsa yake kwana, mijin yayar kuma ya fara irin gyaran muryar nan da ba ya buƙatar tafinta.

Manajan gidan abincin kaɗai ya ga katin shaidarsa. Ya dubi katin, ya dube shi, ya ce, "Ni dai a wanke mini faranti. Sauran kuma ka san yadda za ka yi da mutanen kicin." Nan take Shiru ya yanke shawara cewa ba wanda zai sani. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Shi ya sa da safe yake kulle kansa a banɗakin Yaya, ya naɗe ƙirjinsa da faffaɗan bandejin roba, zagaye huɗu, ya ja har sai numfashinsa ya koma rabi. Ya ɗora singileti, ya ɗora riga mai kauri, ya ƙara wata a kai. Safiyar Talatar da ya fito, Yaya na tsaye da kofin shayi a hannu tana kallon yadda yake tafiya a sandare.

"Auta, wannan ai ɗaurin buhu ne, ba na mutum ba."

"Haka ya fi, Yaya."

"To Allah ya sa a dace. Ka yi haƙuri da mutane, ka ji? Kar ka biye wa kowa."

Ita kaɗai ce a gidansu ba ta yanke shi ba. Ba wai ta gane ba ne, ta sha gaya masa baki da baki cewa ba ta gane ba. Cewa take ciki ɗaya suka fito, kuma ba ta ga yadda aski zai goge wannan ba.

Mai ɗakin wanke-wanken wani gajeren tsoho ne da kowa ke kira Kawu. Shekararsa goma sha tara a bakin sinki, yatsunsa sun yi fari sun tattare, gwiwoyinsa sun fara ƙin umarni, shi ya sa ake neman wanda zai karɓe shi. Bakinsa ne dai bai tsufa ba. Ya miƙa wa Shiru rigar ledar da ake ɗaurawa a gaba da safar hannu ta roba, ya fara karatu tun kafin a kunna famfo.

"Ɗana, wuƙa ba ta shiga ruwan sabulu. Kumfa za ta rufe ta, kai ka manta, yatsanka ya tuna maka. A gefe ake ajiye ta, a wanke ta ita kaɗai. Duk kaskon da aka dire maka, ka ɗauka da zafinsa ya zo. Wanda ya kawo ba zai gaya maka ba, ba mugunta ba ce, hankalinsa na kan miya. In za ka wuce bayan mutum da kaya, ka ce 'Hanya!' da ƙarfi, ko da kana ganin ya gan ka. Kana ji na?"

Shiru ya ɗaga kai.

"Ƙanzo kuma ba a kokawa da shi. Zuba masa ruwan zafi, ka tafi harkarka, in ka dawo za ka same shi ya yi laushi. Haka ma Uwar Kicin. In ta hau faɗa kar ka tanka, bar ta ta jiƙa."

Uwar Kicin ita ce babbar kuku, mace mai jiki da murya, kuma ita ce mai cewa a ɗauki mutum ko a sallame shi. Daga can bakin murhu ta ce, "Ina jin ka, Kawu!" Tsohon ya ƙyafta wa Shiru ido, ya ci gaba da kankare tire.

"Na ƙarshe, kuma shi ne babba. Ka sha ruwa. Duk ɗagin murfin inji biyar, kofi ɗaya. Ɗakin nan yana tatsar mutum bai sani ba."

Duk sauran dokokin Shiru ya riƙe su da hannu biyu. Kiran hanya ne ya yi wa dabara, in zai wuce sai ya ƙwanƙwasa gefen tire da cokali maimakon ya ɗaga murya. Ta ruwan kuwa ya ƙi ta ƙememe, kuma yana da dalili. Tun zuwansa ya je ya duba banɗakin ma'aikata maza. Ƙofar ba sakata, ƙasanta a buɗe har gwiwa, kuma a gabansa Mai Nama ya banka ta da ƙafa yana waƙa, da mutum a ciki. Na mata kuwa ba zai taka ba ko da za a yanka shi. Sai ya yi lissafi mai sauƙi: in ruwa bai shiga ba, ba abin da zai nemi fita.

Aikin kansa ya karɓe shi. Hannunsa na da sauri, idonsa na ganin jan-baki a bakin kofi tun daga nesa, kuma bai fasa ko cokali ba, in dai cokali na fasuwa. Da ƙarfe uku ta wuce, cunkoson abincin rana ya lafa, sai mazan kicin suka fita bayan gida wajen tukwanen gas. Haka suke yi kullum. Kowa ya tuɓe rigarsa da ta jiƙe sharkaf, ya shanya a kan bututun ruwan zafi, a zauna a kan akwatunan lemo a ci abinci, iska na bugun ƙirji. Shiru ya zauna a cikinsu da rigunansa biyu a manne a jiki, ledar gabansa ma bai kwance ba.

"Kai Shiru, zinare ka ɓoye a rigar nan?" in ji Mai Nama. "Cire mana ka sha iska, ba wanda zai saci haƙarƙarinka."

"Sanyi nake ji," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Sanyi! Jama'a, ku ji wani ikon Allah. Mutum ya fito daga tanda yana jin sanyi." Ya tsamo tsoka biyu daga farantinsa ya jefa a na Shiru, ya dafa kafaɗarsa da hannun nan nasa mai kamar faifai. "Ci ka yi nauyi, mutumina. Na ga aikinka. Kaskona bai taɓa dawowa da wuri irin na yau ba."

Daɗin da Shiru ya ji a wannan lokacin ba ya faɗuwa. Ba naman ba, zaman. Ga shi a tsakiyar maza, ana zolayarsa yadda ake zolayar kowa, ba wanda ke satar kallonsa. Ya daɗe yana yunwar wannan, har ya ji zai iya jure duk wani ɗauri saboda shi.

Ranar Laraba ya tashi da ciwon kai, haƙarƙarinsa na zugi, fatar da ke ƙarƙashin bandejin ta saluɓe a gefe biyu. Kawu ya cika kofin roba da ruwa ya ajiye masa a kan inji. Shiru ya jira tsohon ya juya baya, ya tuttule ruwan a sinki, ya mayar da kofin.

"Sinkin nan ba ya jin ƙishi," in ji Kawu, bai ko waiwayo ba.

Shiru ya yi kamar ƙarar famfo ta hana shi ji. Tsohon ya dube shi ta wutsiyar ido, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa.

Ranar Alhamis, ranar ƙarshe ta gwaji, wani kamfani ya kawo ma'aikatansa mutum sittin cin abincin rana, ban da masu zuwa kullum. Da safen nan Shiru ya ƙara wa bandejin zagaye ɗaya, don jiya ya ga kamar ya ɗan saki bayan ya jiƙe. Tun sha biyu da rabi faranti suka fara kwararowa, tire bisa tire, har ƙasa aka riƙa ajiyewa. Kawu na sinkin jiƙo yana kankara, Shiru na tsakanin sabulu da inji. A ɗaga murfi, tururi ya taso, a zaro, a jera, a tura wani. Fankar bango na ta juyinta na ganin dama. Tun yana zufa har zufar ta ɗauke, bakinsa ya bushe kamar ya ci gari, shi kuwa ya ɗauka sabo ne ya fara zuwa.

Wajen ƙarfe biyu Uwar Kicin ta ƙwala kira tana neman babbar tukunyar miya. Ya ɗauraye ta, ya rungumo, ya fito cikin kicin. A taku na huɗu kunnuwansa suka toshe, hayaniyar ta koma can nesa, fitilu suka fara duhu daga gefe-gefe. Abin da ya iya tunawa na ƙarshe shi ne ya durƙusa ya ajiye tukunyar a hankali, don kar ta lotsa a ce shi ne.

A kicin ba baƙon abu ba ne zafi ya kayar da mutum, kuma kowa ya san abin yi. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a buɗe masa riga, a yayyafa ruwa. Taimako ne tsagwaronsa, da zuciya ɗaya ake yin sa, kuma shi aka yi wa Shiru. Sama-sama ya ji ana kwance ledar gabansa, ana yaye rigunansa, ya ji muryar Mai Nama a kansa cike da damuwa.

"Riga biyu da singileti a wutar nan? Mama, duba, ashe rauni gare shi. Ga bandeji."

"Wane irin rauni? Ba ka ga abin ya shaƙe shi ba? Miƙo almakashi!" in ji Uwar Kicin.

Ya so ya ce a'a, harshe ya ƙi motsi. Ya ji sanyin ƙarfe a fatarsa, ya ji ƙaras, ƙaras, ƙaras, sai iska ta shige ƙirjinsa gaba ɗaya, irin shigar da ya kwana uku bai ji ba a wurin aiki. Jikinsa ya yi hamdala, zuciyarsa kuwa ta tsinke. Kicin ɗin da ba ya taɓa yin shiru ya yi tsit, ba ka jin komai sai mai da ke tafasa a kasko.

Kawu ne ya iso a makare, gwiwoyi sun ci amanarsa, da mayafin tebur a hannu wanda ya fizgo daga kwandon wanki. Ya lulluɓe Shiru daga wuya har cinya, ya miƙe ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya.

"To, kallo ya ƙare. Ba ku taɓa ganin mutum ya faɗi ba? Kai, namanka na ƙonewa."

Shi da Uwar Kicin suka kama shi zuwa sito, inda ake ajiye buhunan shinkafa da albasa, ɗaki mafi sanyi a gidan. Ita ta koma bakin murhu. Kawu ya tura ƙofa, ya jawo buhu ya tokare ta, ya dama gishiri da sukari a ruwa ya riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. Sai da ya shanye kofi biyu idanunsa suka washe. Da suka washe kuma sai ya gwammace ba su washe ba. Ya ƙanƙame mayafin a ƙirji ya fashe da kuka, kukan kunya da baƙin ciki da haushin kansa. Tsohon ya bar shi ya yi mai isarsa.

"Sun gani, Kawu."

"Sun gani. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Kai ma ka sani ke nan?"

"Tun Talata nake zargi. Mutum na numfashi kamar an ɗora masa buhu, ba ya shan ruwa, ba ya zagayawa. Na ce a raina a bar kaza cikin gashinta. To ga inda shirun nawa ya kai mu. Da na ja ka gefe jiya, da ba a yi haka ba. Wannan laifina ne, ka yafe mini."

Shiru ya ɗago ya dube shi. A duk wuraren da asirinsa ya tonu, ba a taɓa neman yafiyarsa ba.

"Ni ba malami ba ne, ba kuma alƙali ba," Kawu ya ci gaba. "Mai wanke kwano ne. Ban san kan wannan al'amari naka ba, ba kuwa zan yi kamar na sani ba. Kai dai ka ce namiji ne kai?"

"E."

"To an wuce wurin, ɗana. Amma garin neman gira ka kusa rasa ido. Abin nan da ka ɗaura na targaɗe ne, kana motsi yana ƙara cin jiki. Ka tambayi masu sani, ko a asibiti, in akwai abin da aka yi musamman don haka wanda ba ya hana numfashi. In ma akwai, ɗakin can ba wurin matse jiki ba ne daga safe har yamma. Riga ɗaya za ka sa, baƙa, mai faɗi, mai kauri. Baƙar riga ba ta da surutu in ta jiƙe. Ka zo da ta canji a leda, ka shigo nan ka canza."

Ya sa hannu a wuya ya zaro wani ɗan makulli a jikin igiya.

"Akwai ƙaramin banɗaki bayan tukwanen gas, mai ƙofar ƙarfe. Shekara huɗu ina riƙe da shi. Tsufa ya sa fitsarina sai an lallaɓa shi, ba na son wani ƙato ya tsaya mini a ka yana tari. Kowa da abin da yake rufe wa ƙofa. Zan riƙa rataye shi a ƙusar bayan inji."

Dariya ta kuɓuce wa Shiru a tsakiyar hawaye, haƙarƙarinsa suka amsa da zafi.

"Duk wannan in za a bar ni ne, Kawu."

"Wannan ba a hannuna yake ba." Tsohon ya nuna ɗaya ƙofar siton da haɓa, wadda ake shigo da kaya ta cikinta daga lungu. "Ga ƙofa nan. In ka fita, zan ce jikinka ne ya ƙi, ba wanda zai ga laifinka. In kuma ciki za ka koma, sai ka ratsa ta gabansu duka, babu wata hanya. Ba zan zaɓa maka ba."

Shiru ya daɗe yana kallon ƙofar lungun. Ya san irinta. Ta irinta ya bar shagon ɗinki, ta irinta ya bar wurin fenti, kuma duk su biyun kan kujerar falon Yaya suka kai shi. Ya ga kansa yana shiga gidan da rana tsaka, ya ga fuskarta, ya ji gyaran muryar mijinta daga ɗaki. Tsoro na nan bai tafi ba, amma gajiya da gudu ta fi shi nauyi.

"Faranti nawa suka rage?"

"Duka," in ji Kawu.

Tsohon ya ciro masa tsohuwar rigar aikinsa ta kaki daga ƙusa, mai taurin buhu, wadda za ta ɗauki Shiru biyu. Ya juya baya har Shiru ya gama sawa, ya sa shi ya ƙara kofi na uku, sannan ya janye buhun daga ƙofa.

Taku goma sha biyu ne daga sito zuwa ɗakin wanke-wanke, Shiru bai taɓa sanin suna da tsawo haka ba. Masu kallo suka kalla, masu kunya suka dubi tukwanensu. Mai Nama ya ba shi baya yana juya naman da ba ya buƙatar juyi. Uwar Kicin ce ta tare shi a bakin murhu, ta rage murya, abin da ba a saba ji ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Da na sani ma sai na yanka. Ba ka numfashi."

"Na gode, Mama."

"In jiri ya dawo ka zauna. Tukwanena ba za su gudu ba."

Ya koma bakin sinki. Faranti sun yi tsiri har sun kusa taɓa famfo. Ya fara daga na sama, ba sauri, yana numfashi har cikin ciki. Duk ɗagin murfi biyar Kawu zai bugi gefen inji da soson ƙarfe, shi kuma ya ɗauki kofi ya sha. Sau ɗaya ya zare makullin daga ƙusa ya fita ya dawo, ba wanda ya tanka masa. Kafin uku da rabi an ga ƙasan sinki.

Bai fita wajen cin abinci ba, ba kuma wanda ya kira shi. Yana jin muryoyinsu ta bango, ƙasa-ƙasa, ba dariya. Can sai ga Mai Nama ya shigo da farantinsa da kofinsa a hannu. A shekara goma sha tara Kawu bai taɓa ganin kuku ya tako ɗakin nan da farantin da ya ci abinci ba, a bakin ƙofa suke direwa. Shiru ya miƙa hannu zai karɓa. Mai Nama ya janye.

"Baiwar Allah, matsa. Daga yau nawa ni zan riƙa wankewa."

Maganar ta soki Shiru fiye da almakashin. Mutumin nan ne ya ba shi tsoka biyu daga farantinsa, shi ne kuma ɗazu ya durƙusa a kansa hankali a tashe. Shiru ya matsa gefe.

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Kwana uku kana ci a wanda ya wanke, ban ga ka rame ba."

"Kawu, ba da kai nake ba. An zauna da mu, an ci da mu, ashe kallon wawaye ake mana."

"Wa ya ci maka wani abu? Kaskonka ya dawo da datti?"

Mai Nama ya tsoma farantin a ruwan sabulu, ya shafa masa soso sau biyu, ya watsa masa ruwa, ya cusa shi cikin jerin wankakkun da za a kai wa baƙi, ya fice yana goge hannu a wando.

Shiru ya tsaya yana kallon farantin. Ransa ya ɓaci, har wani ɓangare na zuciyarsa ya ce bar shi, in an yi ƙorafi a san wanda ya wanke. Amma daga inda yake yana hango maiƙo na ƙyalli a bayansa, ga ƙwayar shinkafa manne a gefe. Jerin nan nasa ne, duk abin da ya fita daga cikinsa da sunansa zai fita. Ya zaro farantin ya mayar da shi ruwan sabulu, ya wanke ciki da baya, ya bi gefen da soso, ya ɗauraye, ya tura shi inji tare da kofin.

Da ya juyo sai ya ga Uwar Kicin a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Bai san tun yaushe take tsaye ba. Ta dubi Kawu, Kawu ya ɗaga kafaɗa, irin ta ai kin gani da idonki.

"Gobe ƙarfe tara," ta ce. "Ba tara da minti biyar ba. Kuma in ka ƙara faɗo mini a tsakiyar kicin ranar da nake da baƙi sittin, ni da kai ne."

"To, Mama."

"Shi kuma wancan ka bar ni da shi. Ba zan iya sa shi ya so ka ba, amma ba zai taɓa ka ba."

Ta cika alkawari, iyakar abin da ta ɗauka. Shiru ya samu aiki, da baƙar riga da makulli a ƙusa, Kawu kuma ya samu kujerar da yake zama a kai yana ba da umarni. Wasu a kicin suka saba, wasu suka iya gaisuwa kawai. Mai Nama bai ƙara yi masa magana ba, ranar Juma'a ko satin da ya biyo baya, kuma abin bai daina yi wa Shiru ciwo ba. Kullum uku da rabi zai shigo da farantinsa, ya shafa masa soso sau biyu, ya cusa a jeri, ya fita bai dubi kowa ba. Kullum Shiru zai jira takunsa ya yi nisa, ya zaro farantin, ya juya bayansa, ya mayar da shi ruwan sabulu.